Wadda Cuta Ba Ta Kamawa

"Ba ni takalmina."

"Ba zan bayar ba, Inna."

"Husaina, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Ke kika haife ni. Shi ya sa nake son in ci gaba da ganinki."

Katangar da ta raba gidanmu da na Gwaggo Hajo a Yakasai ta ƙasa ce, damina kuma ta zaftare kanta, saboda haka duk abin da aka faɗa a tsakar gidansu a namu yake sauka. Da hantsi ne, ina tsintar shinkafa. Na ajiye farantin.

"To riƙe takalmin, ki dafa ki ci. Da ƙafata na zaga Kano tun ba a haifi mai yin silifa ba."

"Mayafin ma na ɗauke."

"La'ilaha illallahu! Yau ni ake wa kulle? Soja ya sauka daga mulki, ke kin hau?"

"Inna, likita cewa ya yi..."

"Likita! Yaron da gemunsa bai gama haɗuwa ba. 'Yardada tana can kwance tana tari, surukarta tana tura mata kwano da sanda kamar mai ciyar da kura, ni kuma in zauna jiran izinin likita?"

"Tibi ne fa, Inna. In kika shiga ɗakin nan kika ɗauko, wallahi ba ki da jikin da zai ɗauka."

Daga nan sai na ji an buga murfin ƙofa. Abin da ake ja a kai ke nan: tsohuwa tana son shiga ɗakin ƙawarta mai tarin tibi ta yi jinyarta, 'yarta ta ce sai dai bayan ranta. Wanda bai san Gwaggo Hajo ba zai ce rigimar tsufa ce. Wanda ya san ta ya san cewa Husaina ba takalmi ta ɓoye ba, sunan uwarta ta ɓoye.

Abin da ido ke fara gani a jikin Gwaggo Hajo shi ne zanzana. Fuskarta duk ramuka ne ƙanana, tun daga goshi har haɓa, kamar ƙasar da yayyafi ya fara duka. Agana ce ta yi mata haka tana yarinya, zamanin da ake fitar da mai agana bayan gari a yi masa bukka, in ya tashi ya dawo, in bai tashi ba a binne shi can. Tata bukkar a bayan Ƙofar Ɗan Agundi aka kafa. Ta tashi, ta dawo da wannan fuskar.

Mutanen da sun san abu ɗaya, kuma gaskiya ne: wanda ya yi agana ba ya sakewa. Don haka duk sa'ad da cutar ta waiwayo unguwa, sai a ce a kira Hajo, ita ce za ta iya shiga. Tana budurwa ta fara. Sai mutane suka yi wa gaskiyar ƙari, kamar yadda suka saba. Daga "agana ba ta kama Hajo" aka koma "cuta ba ta kama Hajo". Ƙyanda, a kira Hajo. Amai da gudawa, a kira Hajo. Ita kuma ba ta taɓa gyara musu ba. Ta yi aure, mijinta Malam Modu mai wankin hula ya rayu da ita har ya rasu, ta haifi tagwaye, Hassana ta koma tun tana goye, Husaina ta tsaya. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Amma in ka tambayi kowa a Yakasai wace ce Hajo, ba mai ce maka mai ƙuli. Cewa za a yi, mai shiga ɗaki.

Na taɓa ganin aikinta da idona a shekarar sanƙarau, sa'ad da aka kwantar da ƙanena. Ta shigo ba ta jira an yi mata iso ba, ta yaye labule, ta bankaɗe taga, ta kori masu kuka waje. Sannan ta ɗora bayan hannunta a wuyansa, ta yi shiru kamar mai sauraren wani abu a cikin ƙasa. "Wannan ba na gida ba ne, ku nemo mota." Ita ta rungume shi har asibiti, numfashinsa a fuskarta. Ta san juya majinyaci kada bayansa ya saluɓe, ta san kunun da ke zama a cikin da ke ƙin komai, ta san lokacin da za a daina kunu a kira malamai. Kuma ta koya wa matan unguwa duka ƙa'idarta guda, har yara suna faɗa a wasa: zafi shi ne shaida. Jikin da ya yi zafi, cuta ce. Jikin da bai yi zafi ba, ko shagwaɓa ko gajiya.

Wannan ƙa'idar ce ta kusa kashe ta.

Alamun sun daɗe da farawa, ita ce ta iya ɓoyo. Gwiwoyinta suna kumbura, da safe yatsunta ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Mura in ta kama ta sai ta tare kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya. Wuƙa ta yanke ta a yatsa wajen yanka kuɓewa, ciwon da da can kafin ta tuna da shi ya warke, sai ga shi ya ƙi rufewa, yana ruwa. Ta kwaɓa lalle ta rufe shi. Duk wadda ta tambaya sai ta ce kwalliya take, ko an hana tsohuwa?

Ana cikin hayaniyar zaɓe, motocin 'yan takara suna ta kiɗa a bakin titi, Gwaggo Hajo ta yi shiru. Ba ta kwanta ba, ba ta yi nishi ba. Ta dai daina cin abinci, ta zauna a ƙofar ɗaki tana kallon bango. Husaina ta kawo mata koko, ta ɗago ta ce, "Hassana, ina 'yar'uwarki?"

Mata suka cika gidan. Kowace ta zo sai ta ɗora bayan hannu a wuyanta, yadda ita ta koya musu. Sanyi ƙalau. Aka ce alhamdulillahi, ba cuta ba ce, rikicin tsufa ne ya fara. Wata ta ce a karɓo rubutu, aka karɓo. Wata ta ce iska ce, a yi hayaƙi, aka yi. Ni ma na ɗora nawa hannun, na ji abin da kowa ya ji. Ba wadda ta kawo maganar asibiti, don ba a kai jiki mai sanyi asibiti, balle jikin Hajo.

Husaina ce ta lura da numfashin. Malamar firamare ce, ba ta san aikin jinya ba, amma ta san uwarta ba ta haki tana zaune. Ta samo tasi, mata suna ce mata za ki wahalar da tsohuwa a banza.

Likitan ya saurari ƙirjinta gaba da baya, ya ce ciwon huhu ne, namoniya, kuma ya yi nisa. Husaina ta ce amma jikinta ba zafi. Abin da ya gaya mata, da abin da ya maimaita wa ita Gwaggo bayan ta dawo hayyacinta, Husaina ta ba ni shi, ni kuma na ji sauran da kunnena ranar da na je dubiya.

"Baba, zazzaɓi ba shi ne cutar ba," in ji shi. "Ihun jiki ne. Ɓarawo ya shigo, masu gadi sun yi kururuwa. Jikin yaro yana da masu gadi da yawa, ga murya. Na tsoho sun ragu, sababbi ba sa zuwa kamar da, waɗanda suka rage sun san tsofaffin ɓarayi, amma baƙo sai ya wuce ta gabansu. Wani lokaci ko ihun ba sa iya yi. Sai dai a ga mutum ya daina ci, ko ya rikice, ko ya faɗi."

"To su yi barcinsu mana, su bar ni in huta."

"Ai abin haushin ke nan, ba sa barci. Suna nan suna ta ƙananan duka, ba ɓarawo ba, 'yan gida suke duka. Garkuwar jiki in ta tsufa haka take, ta gaza inda ake nemanta, ta matsa inda ba a kira ta ba. Kumburi ne ƙasa-ƙasa a cikin jiki, kamar wutar ƙaiƙayi, ba a ganin harshenta sai dai a ga toka. Yana cikin abin da ke ƙara miki ciwon gaɓoɓin nan. Miƙo yatsan. Wa ya sa wa ciwo lalle?"

Ta janye hannun. "Yaro, dubi fuskar nan da kyau. Ni na ci agana."

"Na gani, Baba. Agana ta san ki, ba za ta dawo ba. Sauran cututtukan ba su yi miki alkawari ba."

Ya ce ta riƙa cin abinci mai gina jiki ko ba ta jin yunwa, ta riƙa taka ƙafa kullum, duk ƙaramin ciwo a kawo a duba, kuma ta daina shiga rufaffen ɗakin mai tari. Ta dawo gida ta ce wa mata gajiya ce, likitoci ne da neman suna. Amma na lura da wani abu. Bayan dawowarta an yi jinya a gidaje da dama a lungunmu, an aiko, ta ce gwiwa ta hana ta, Husaina ta je ta duba musu. Ba ta yi rigima ba ko sau ɗaya. Sai da aka ce 'Yardada.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. 'Yardada ba 'yar'uwarta ba ce. Tare suka tashi, lungu ɗaya, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun zauna sun tashi ba tare da sun cashe ba. 'Yardada ta ce mata mai zanzana, ita ta ce mata matsoraciya, a rabu ana tsaki, gobe a aika wa juna ƙosai. Yanzu Ilu ɗan 'Yardada, tela a kasuwa, ya kai ta asibiti an ce tibi ne, wai ƙwayar ta daɗe tana barci a ƙirjinta, wataƙila tun ƙuruciya, sai da ƙarfin jiki ya ja baya ta farka. An ba ta magani na watanni, an ce a farkon shan maganin a ware mata ɗaki mai iska, kada tsofaffi da jarirai su zauna a ciki.

Da la'asar ranar rigimar takalmi na zaga gidan. Na sami Gwaggo a bakin ɗakinta tana murza man kaɗanya a gwiwa, ba mayafi, ba takalmi. Husaina tana madafa tana buga tukwane da ƙarfi don a san tana nan.

"Kin zo kallon fursuna?"

"Na zo gaishe ki, Gwaggo."

"Ƙarya kike. Kunnenki na jikin katangar nan tun kina rarrafe. Zauna."

Na zauna. Na ce, "Gwaggo, da Ya Kaka ta kwanta, Husaina kika tura. Da jikan Malam Baffa ya yi ƙyanda, Husaina kika tura. Me ya sa sai 'Yardada?"

"Tausayi."

"Su sauran ba su cancanci tausayi ba?"

Ta dube ni ta ƙasan ido. Ta ci gaba da murza gwiwa.

"Kin san bukkar agana? Ba ki sani ba. Kara ne da zana, sai wata tsohuwa da ta taɓa yi, ita ke ba ka ruwa in ta ga dama. Idona ya kumbura ya rufe, ba na ganin komai. Sai in ji murya daga bakin ƙofa, Hajo, Hajo, kin mutu? 'Yardada ce. Ta ce wa innarta za ta itace, ta fito ta ƙofar gari. Ta jefo mini magarya, in lalubo a ƙasa. Ta tsaya tana ba ni labarin unguwa, wa aka yi wa kitso, akuyar wa ta haihu. Rannan na ce mata, 'Yardada, shigo ki riƙe mini hannu, tsoro nake ji. Ta ce innarta ta hana. Na roƙe ta da Allah da Annabi. Ta tsaya a inda take." Ta rufe gwangwanin man. "Tun a bukkar nan na ce, in na tashi, ni mai shiga ce. Ba zan taɓa tsayawa a ƙofar kowa ba."

Mutane suna son a ce musu alheri daga farin zuciya kaɗai yake fitowa. Ni ban yarda ba. Yarinya ta dawo gari da fuskar da samari ke kawar da kai, sai ta gano cewa wannan fuskar ce ke sa manyan mata su miƙe in ta shigo. A ɗakin cuta zanzana lambar girma ce. In aka ce yau cuta tana kama Hajo, me ya rage? Tsohuwa mai ƙuli da ramuka a fuska. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun kuwa, shi ne wanda ya sa ta haƙura da kowane ɗaki ban da wannan. Ta shiga ɗakunan Yakasai kusan duka, amma mutum ɗaya take nuna wa, kuma yau ga mutumin nan a kwance, ga ƙofa.

Na ce, "Wato so kike ki shiga don ta ga kin shiga."

"Ke fa bakinki ya fi wuƙar mahauta. Wa zai aure ki?"

"Sauran ƙawayenki fa, Gwaggo? Su me suke jefo miki?"

"Waɗanne saura? Ai ko uwata daga kan ganuwa take leƙe, ta aiko da..." Ta tsaya. Ta dubi yatsan da ya warke da ƙyar, har yanzu da tabonsa. A madafa ma tukwane sun yi shiru.

"Tashi ki tafi gidanku," in ji ta. "Kin cika ni da surutu."

Washegari da safe na sake jin muryarta ta katanga, amma ba irin ta jiya ba. "Husaina, kawo takalmin. Ki ɗauko naki mayafin ke ma." Ban ji an yi musu ba. Na yafa gyale na same su a ƙofar gida.

Tafiyar ba nisa, amma gwiwa ta mai da ita doguwa. Muka bi lungu, hotunan 'yan takara da ruwa ya jiƙa suna ɓarewa daga bango. Ta ƙi a riƙe ta. Duk wanda ya gaishe ta sai ta amsa da ƙarfi, don a ji muryar tana nan. Na ga yadda Husaina take tafe dab da ita, kamar mai shirin cafke kaza. Ba wanda ya san abin da tsohuwar za ta yi, ina jin har ita kanta.

A gidan Ilu, matarsa Zainab ta fito da gudu tana sannu da zuwa, fuskarta ta nuna an sauke mata kaya. Ɗakin 'Yardada yana can ƙurya, labule mai kauri a sake, taga a rufe an cusa tsumma. Ga sandar jingine kusa da kwano.

Gwaggo Hajo ta tsaya a tsakar gida ta dubi wannan duka.

"Wa ya toshe tagar nan?"

"Gwaggo, don kada ya fito ne..."

"Don ya zauna ya ci uwar mijinki? Zaga ta baya ki cire tsumman. Labulen nan ma a yaye shi. Sandar me ce wannan?"

Zainab ta sunkuyar da kai. Husaina ta ce mata a hankali, likita ya ce ciwon ba a kwano yake ba, a iskar rufaffen ɗaki yake, ta rufe hancinta da baki in za ta shiga, ta miƙa abinci da hannu, ta tabbata ana shan maganin kullum ba fashi, in an jima ana sha haɗarin zai ragu.

"Kin ji malama," in ji Gwaggo. "Sandar kuma ki kai murhu. Ki riƙa juya uwar mijinki, ki dama kunun gyaɗa mai kauri, ko ta ce ba ta so. Kuma ke, in kin taɓa wuyanta kin ji sanyi, kada ki ce lafiya. Ki dubi numfashinta, ki dubi cinta, ki ji ko maganarta na kan hanya. Jikin tsoho ba ya ihu."

Ban taɓa jin mutum ya rushe ƙa'idarsa da bakinsa cikin isa irin haka ba. Kai ka ce tun fil'azal abin da take koyarwa ke nan.

Aka yaye labule, haske ya faɗa ɗakin. 'Yardada tana kan katifa, ta rame har ta koma kamar yarinya. Gwaggo ta taka zuwa ƙofar. Ta dafa bango, ta zare takalmi ɗaya, ta ɗora ƙafar a kan dokin ƙofa. Husaina ta miƙa hannu, sai ta fasa, ta bar shi a iska.

Daga ciki aka yi tari mai tsawo, sannan murya ta fito, siririya amma da sauran tsiya.

"Wace ce ta tare mini haske? Mai zanzana? Kada ki shigo. An ce ke ma yanzu ƙwai ce, a tafin hannu ake riƙe ki."

"Wa ya gaya miki?"

"Duk Yakasai. Koma gida, kada ki mutu a ce ni ce."

Gwaggo Hajo ta daɗe a haka, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, ɗaya a waje. Sannan ta sauke ƙafar, ta lalubi takalmin ta mayar. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro wani ɗan ƙulli, ta auna, ta jefa. Ya sauka a kan katifar, ya warware, magarya ta gangaro.

"Tsinci kayanki, matsoraciya," in ji ta. "Zainab, kawo mini kujera nan bakin ƙofa, ni ba zan iya tsayuwar da ta yi ba. Ke kuma gyara kwanciya ki buɗe kunne. Kin san akuyar wa ta haihu?"